Riyal Goma Mai Ƙamshin Humra

Har yau ban yafe wa injin bankin nan ba. Duk sanda muka bi ta gabansa a mota, a hanyarmu ta fita daga unguwarmu Mu'aither, sai na juya masa ƙeya, in kuma Umma ba ta kallo in ƙara masa da daƙuwa. Ran da ta kama ni ta ce ƙarfe ba ya jin zagi. Na ce ai kuwa ya ji ƙamshi.

Amma bari in faro daga ambulan ɗin Abba, don daga nan tsiyar ta taso.

Abbana injiniya ne, yana aikin iskar gas a tsakiyar teku, sati biyu yana can, sati biyu yana gida. Mutum ne da ke sarrafa injunan da suka fi gidanmu girma, amma ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai biya kuɗi ta waya ba. Ya ce kuɗin da hannu bai taɓa ba, zuciya ba ta jin fitarsa. Saboda haka duk wata in albashi ya shigo, sai ya je ya ciro kuɗi a inji, ya dawo ya baje su a kan darduma, ya rarraba cikin ambulan: na cefane, na makaranta, na gida Kano, na katin bashi. Wannan na ƙarshen sai a ɗauka a koma banki a zuba a wani injin, wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da wanda aka ciro su. Wato kuɗin sun zo gidanmu gaisuwa ne kawai.

Katin nasa kuma ba irin wanda ake biya kaɗan-kaɗan ba ne. Da gangan ya zaɓi wanda ake biyan duk abin da aka kashe gaba ɗaya a ƙarshen wata, don gudun riba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shi, ko sau ɗaya bai taɓa makara ba. Wannan maganar na ji ta ta fi sau dubu. Wasu iyayen suna alfahari da digiri, nawa da rasit yake yi.

A watan da abin ya faru, ranar biya ta faɗo yana teku. Ya bar wa Umma ambulan ɗin, riyal dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in cif, ya rubuta a baya da jan biro: kafin Alhamis. Umma kuwa duk abin da take ji da shi a duniya wuri ɗaya take ajiye shi, cikin ƙaramin akwatin da take jera kwalaben humrarta da turaren wuta. Can fasfo ɗinmu yake. Shi ya sa ma'aikatan filin jirgi suke daɗewa suna buɗe nawa, ina jin shaƙa suke yi.

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta Umma ta tsaya a gaban bankin. Babu wurin ajiye mota, ga wani mai ƙatuwar jif ya sa mu a gaba da ham kamar mun ci masa gado.

"Yalla, maza sauka ki zuba," in ji ta, ta miƙo mini ambulan da katin. "Ki karɓo rasit. Kada ki tsaya kallon kanki a gilashi."

Na shiga, na zuba. Injin ya yi gurnaninsa, ya haɗiye ɗari-ɗari, ya haɗiye goma uku, sai ya tofo ta huɗun. Na duba ta. Ashe wata kwalba ta yi yoyo a akwatin Umma, humra ta jiƙa rabin takardar, ta yi maiƙo har ana iya hango yatsa ta bayanta. Na mayar. Ya tofo. Na juya ta. Ya tofo. Na goga ta a hijabina, na hura mata iska, na yi mata bismilla, na lallaɓa ta kamar mai ba jariri magani. Ya tofo, har da ƙarin wata ƙara ta raini. Ɗan ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi kamar ana kamun amarya. Wani dattijo a bayana ya yi atishawa sau uku. A waje kuma mai jif ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba.

Sai na cusa takardar a aljihu, na ninke rasit ɗin ta yadda lambar za ta koma ciki, na fito.

"An gama?" in ji Umma.

"Halas," na ce.

Ku lura, ban ce an biya duka ba. Cewa na yi halas, wato "shi ke nan" a Larabcin garin nan. Kuma wallahi niyyata mai kyau ce: washegari zan sami wata goman mara ƙamshi in cika. Ina da kuɗi ma. Ina da riyal ɗari biyu na barka da Sallah da na ɓoye cikin safa tun watanni, ban taɓa ko ɗaya ba, saboda a lokacin sanyi ajinmu zai je yawon sahara, can inda tudun rairayi ke gangarawa cikin teku. Kuɗin tafiyar ɗari da tamanin ne. Shekara biyu ina jin labarin tafiyar nan a bakin 'yan ajin gaba da mu: motoci suna hawa tudu suna zamowa a karkace, kowa na ihu yana kiran uwarsa, ga raƙuma, ga gasasshen nama. Ni da aka haifa a garin nan, iyakar saharar da na sani ita ce filin da ke bayan gidanmu, inda maguna ke taro.

To amma Laraba ta zo da nata shirin. Ƙawata, 'yar Jos ce, mamarta nas ce suna zaune a unguwar Ain Khaled, ta ce mini yunwa za ta kashe ta kafin motar makaranta ta iso. Ga mai shayin karak a tsallaken titi. Na sa hannu a aljihu na ji takarda. Na ce a raina, ai wannan injin ya riga ya ƙi ta, marainiya ce, ba ta da kowa. Mai shayin kuwa ko gezau bai yi ba. Ya karɓa, ya ɗan shinshina, ya ce masha Allah, ya ba mu karak biyu da capati mai ƙwai, siririyar gurasar nan tasu. Ku ga bambancin ɗan Adam da ƙarfe.

Alhamis kuma, gaskiya, na manta. Muna da jarrabawar lissafi.

Abba ya dawo daga teku ranar Juma'ar sama. Bayan an sauko daga masallaci muna cin shinkafa da miyar taushe, don Umma ba ta yarda akwai abin da taushe ba ya hawa ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Ya ajiye cokali. Ya ciro tabarau ya sake dubawa. Ni dai na san in Abba ya ciro tabarau a kan abinci, to wani zai kwana da tunani.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake ce mini. In ya ce Hajiya kuwa, to ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Hajiya," ya ce, "kawo mini rasit."

Na kawo. Ya warware ninkin a hankali, kamar mai kwance bam. Dubu ɗaya da ɗari biyu da talatin. Saƙon bankin kuma ya ce, saboda ba a cika biya a kan lokaci ba, an ci tarar riyal ɗari.

Ɗari! A kan goma!

Nan na miƙe tsaye, cokali a hannu. Na ce wannan fashi ne da rana tsaka. Na ce ko akuya, da duk haihuwarta, ba ta haifi goma a kwana takwas ba. Na ce mun ba su dubu da ɗari biyu da talatin ba su ce an gode ba, sai goma ɗaya suka gani. Na ce laifin injin ne. Na ce laifin mai jif ne. Na ce, in za a bi gaskiya, laifin humra ne.

"Kada ki kuskura ki sa humrata a bakinki," in ji Umma. "Humrata daga Maiduguri ta zo, ba ta taɓa cin bashin kowa ba."

Abba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ina goman take yanzu?"

Na sunkuyar da kai ina juya cokali.

"Mamana, tambayarki nake. In tana nan ki kawo mu gani."

"Tana... tana wajen mai karak."

Umma ta tafa hannu ta yi salati. Abba ya gyaɗa kai, ya ɗauki cokalinsa. Ya ce to, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ɗari na tara da goman da na sha, ɗari da goma ke nan, daga safata za su fito. Ashe ya san da safar. A gidan nan babu sirri, sai dai a yi maka kara.

Na yi lissafi nan take, kuma wannan karon ban faɗi ba: saura tasa'in. Tafiya ɗari da tamanin. Ranar Lahadi ake rufe karɓar kuɗi.

Na yi kuka, na yi na gaske na yi na ƙari. Na ce Abba, ka duba girman laifi ka duba girman hukunci. Wanda ya saci allura ba a yanke masa hukuncin ɓarawon raƙumi. Na tuna masa bara, da injin nan ɗin dai ya haɗiye masa kati, ya yi kwana uku yana zarya kafin su ba shi. Na ce nawa suka biya ka tara? Su in sun makara sai su ce a yi haƙuri, mu in mun makara sai a ce kawo ɗari. Haƙurin nasu kyauta ne, namu ne na kuɗi?

Abba ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan tambayar taki tana da kyau," ya ce. "Ni ma ba na ganin ɗari ta dace da goma. Amma ran da na karɓi katin sun rubuta, na karanta, na sa hannu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tunda dai kina da baki haka, gobe ki zo mu je ki faɗa musu da kanki. In sun yafe, kuɗinki ya tsira."

Yinin nan kaf a gaban madubi na ƙarasa shi ina shirya jawabi. Har da wurin da zan tsaya in girgiza kai.

Ranar Asabar da safe muka tafi reshen da ke cikin babban kantin nan na Al Aziziya, don shi ne ke buɗewa a ƙarshen mako. Muka ciri lamba, muka zauna a kujerun da sanyin na'ura ya mayar ƙanƙara. Da aka kira mu, wata mata ce a bayan tebur, cikin baƙar abaya, da murmushi irin na wanda ya saba ganin mutane suna huci. Abba ya gaishe ta, ya ajiye katin, ya nuna ni.

"Lauyata ce za ta yi magana," ya ce. Ya koma ya jingina, ya harɗe hannu.

Na yi magana. Na kawo akuya, na kawo allura da raƙumi, na kawo kwana ukun bara. Da Turanci akuyar ba ta yi armashi kamar yadda na so ba, amma na girgiza kai a inda na tsara. Matar ta saurara har ƙarshe, ta danna kwamfuta.

"Habibti, ba ni na sa tarar ba, sistem ne. Shi bai san goma ba, bai san dubu ba. An cika ko ba a cika ba, shi ke nan."

"To ku koya masa lissafi mana. Ni ma dole aka yi mini."

Ta ɗan rufe baki da hannu. Sannan ta ce kada in ɗauka bankin ne ke cin kuɗin. Irin wannan tarar ba ta shiga aljihunsu, sadaka ake bayarwa da ita ga mabukata. An sa ta ne kawai don kada mutane su riƙa sakaci.

Jama'a, nan ne kaina ya yi zafi na gaskiya. Sadaka! Da kuɗina! Ni da na yi wata da watanni ina wuce kantin alawa ina kau da kai! Na taɓa jin sadakar Juma'a, na ji ta suna, na ji ta uku da ta bakwai, amma ban taɓa jin sadakar da ake murɗe wa mutum hannu a karɓa ba.

"To ladan fa?" na ce. "Wa za a rubuta wa? Ni, ko ku, ko sistem?"

Matar ta dubi Abba. Abba ya dubi silin, kafaɗarsa tana rawa don danne dariya.

"Wallahi shekara shida ina kan teburin nan," in ji ta, "ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba."

Ina jin na ba ta tausayi, ko kuma so take mu tashi. Ta buɗe durowa ta ciro fom ta ajiye a gaban Abba. Ta ce akwai hanya ɗaya. Tunda bai taɓa makara ba, in ya sa hannu cewa injin ne ya ƙi karɓar kuɗi, kuma wannan ne ya hana a biya a kan lokaci, za su cire tarar. Layi ɗaya ne, sa hannu ɗaya.

Zuciyata ta yi tsalle ta hau raƙumi. Har na fara jin rairayi a cikin takalmina.

Abba ya ɗauki biro. Ya karanta fom ɗin, ya sake karantawa. Sai ya juyo.

"Mamana, ni ina teku, ban ga komai ba. Ke kika je. Sun ce injin ne ya hana a biya kafin Alhamis. In sa hannu?"

Ka ji mutum! Ga biro a hannunka, ga takarda, ga baiwar Allah tana jira, sai ka jefo mini? Na ce ai injin ya ƙi karɓa, kowa ya shaida, har dattijon da ya yi atishawa.

"Na yarda. Ranar Talata ke nan. Laraba fa?"

Na kalli fom ɗin. Na kalli biron. Eh kawai zan ce, harafi biyu. Abba ba zai yi musu ba, na san shi, zai sa hannu da sunansa a kan maganata, ya tashi mu tafi, ba kuma zai sake tayar da zancen ba har abada. Abin da ya hana ni ke nan. Da zai yi mini faɗa daga baya, da na ce eh cikin kwanciyar hankali. Amma mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tara rasit a jere, in sa shi ya rattaba hannu a kan abin da ni da mai karak muka san ba haka yake ba?

"Laraba," na ce, muryata kamar ta sauro, "na sha karak."

"Ba ta ji ba."

"Na sha karak da ita! Da capati! Mai ƙwai!"

Har mai gadin ƙofa sai da ya waiwayo. Matar ta kifa kai a kan tebur tana dariya ba sauti. Abba ya mayar wa biro murfinsa, ya tura mata fom ɗin da hannu biyu, ya yi godiya. Ni kuwa na ciro ɗari da goma daga jakata, na ƙirga mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ta ji zafin da nake ji. Ba ta ji ba. Rasit ta ba ni.

A mota ban yi magana ba har muka wuce shatale-tale biyu, wanda a tarihina ba a taɓa yi ba. Abba ya ce ko zan sha karak. Na ce Allah ya kiyaye. Na yi zaton zai ce, to tunda kin faɗi gaskiya ga cikon kuɗin tafiya. A labarai haka ake yi. Na jira har ƙofar gida. Abin da ya ce kawai shi ne in sauko a hankali kada in buga masa ƙofa.

Ranar tafiyar ina gida ina taya Umma gyaran zogale. Wayata tana ta ƙara, hotuna suna shigowa: ga 'yan ajinmu a kan tudu, ga malamin lissafi raƙumi ya tashi da shi yana riƙe da wuyansa kamar zai yi masa raɗa. Wannan kaɗai ya kai ɗari da tamanin. Na ajiye zogalen, na ɗaga hannu sama, na ce ya Allah ka shaida, riyal ɗarin nan ni na yi sadaka da ita, ni kaɗai, kada a raba da banki.

"Sadakar da ake yi ana kumbura baki?" in ji Umma. "Ki bari ta huce tukuna, ko a ba ki rabi."

Washegari ƙawata ta kawo mini rairayin sahara a robar ruwa, da riyal biyar. Ta ce tunda ta sha rabin karak ɗin, ga rabonta. Na ce rabin ɗari da goma hamsin da biyar ne. Ta ce ita karak ta sha, ba ta sha tara ba.

Har gobe ina nan a kan bakana: goma ba ta isa ta haifi ɗari ba, kuma wanda ke cin tarar makara ya kamata shi ma a ci shi in ya makara. Na faɗa a banki, zan faɗa a ko'ina. Abin da kawai na daina sakawa a cikin jawabin shi ne humra da mai jif.

Da Abba zai koma teku a wata na gaba, ya zo da ambulan ɗin kati. Umma ta miƙa hannu, sai ya tsallake ta ya ba ni. Na karɓa. Na zauna a kan darduma na fito da kuɗin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. Ta bakwai ɗin, wata hamsin, tana ƙamshin turaren wuta. Na ɗaga ta sama da yatsa biyu.

"Abba, canza wannan. Yanzu, ina kallo."

Ya canza.